Yadda Ake Shirya Goɗiya Kafin a Kai Ta Barbara

A biranenmu ingarma ne ɗan gata, shi ake yi wa wanka, a ba shi dawa da kanwa, a yi masa ado ranar hawan salla. Goɗiyar da za ta haifo irinsa kuwa sau da yawa tana can ƙauye a turke, sai ranar da aka ga tana neman namiji ake tunawa da ita, a ja ta a kai ta wurin ingarma. In ba ta ɗauka ba a ce juya ce. Mafi yawan goɗiyoyin da ake ɗora wa wannan suna lafiyarsu lau, shiri ne ba a yi musu ba. Aikin barbara yana farawa ne wata biyu zuwa uku kafin ranar da za a haɗa su, kuma abin da aka yi a waɗannan watanni shi ke raba gardama.

Kayan da za ka tanada

Ragama mai ƙarfi da igiya doguwa, da dabaibayi mai laushi wanda ba ya cin fata. Tef ɗin tela na awo. Ma'aunin zafin jiki na kemis, irin na mutane ma ya wadatar. Bokiti biyu, ɗaya na sha, ɗaya na wanki kaɗai. Safar hannu, tsumma mai tsabta, da bandeji ko tsagin zane na naɗe wutsiya. Buroshi da abin sakace kofato. Littafi da biro da kalanda. A ɓangaren abinci: harawar wake ko ta gyaɗa, busasshiyar ciyawa mai kyau, dawa ko gero, dusa, gishiri, da kanwa kaɗan. Sai lambar likitan dabbobi wanda ya saba da dawaki, domin ba kowane mai allurar shanu ne ya san doki ba.

1. Fara lissafi daga ranar haihuwa, ka dawo baya

Cikin goɗiya wata goma sha ɗaya ne, wajen kwana 340, yakan ragu ko ya ƙaru da mako biyu ko uku. Ke nan duk watan da aka yi barbara, baɗi a watan da ya gabace shi za ta haihu. In ka haɗa su a Afrilu ko Mayu, ɗan dukushi zai faɗo a Maris ko Afrilu, tsakiyar bazara, ga zafi, ga ƙarancin ciyawa, harawa ta yi tsada, uwa kuma tana bukatar abinci fiye da kowane lokaci saboda nono. Wannan shi ne lokacin da nake hana mutane.

Zaɓi biyu ne masu kyau a ƙasar Hausa. Na farko a haɗa su a Yuli ko Agusta, ta haihu a Yuni ko Yuli, ɗanyar ciyawa ta fito. Na biyu a haɗa su a Nuwamba ko Disamba, ta haihu da kaka, harawa na araha, ƙwarin damina sun fara ja da baya. Ni na fi son na farko, don goɗiya dabba ce da jikinta ke bin tsawon yini: in yini ya yi tsawo ta fi zuwa neman namiji a kan kari, ga shi kuma a lokacin tana ƙara jiki da ɗanyar ciyawa. A ƙasashen Turai da Amurka, inda yinin hunturu ke gajarta ƙwarai, goɗiyoyi kan daina nema gaba ɗaya, har sai masu dawakin sukuwa sun kunna musu fitila a barga tun farkon Disamba, haske ya cika awa 16 kullum har wata biyu. Mu nan bambancin yininmu mafi tsawo da mafi gajarta bai kai awa biyu ba, saboda haka ba ka bukatar fitila. Abinci ne ya fi riƙe tamu, fiye da haske.

Wanda ya zaɓi Yuli, shirinsa zai faɗo a Afrilu da Mayu, lokacin da komai ya bushe. Don haka tun kaka ake sayen harawa a ɗora a rumfa ko kan ɗaki inda ruwa da gara ba za su taɓa ta ba.

2. Tabbatar ta isa, kuma ba ta riga ta ɗauka ba

Goɗiya kan fara neman namiji tun tana shekara ɗaya da rabi, amma wannan ba ya nufin ta isa. Kada a kai ta ƙasa da shekara uku, huɗu ya fi, don ƙashinta bai gama ginuwa ba. In ba ka san shekarunta ba, buɗe bakinta. Haƙoran gaba na tsakiya suna famfara a shekara biyu da rabi, na kusa da su a uku da rabi, na gefe a huɗu da rabi. In ta cika biyar duk haƙoran gaba na girma ne. Daga shekara 15 zuwa sama ɗaukar ciki na raguwa, musamman ga wadda ba ta taɓa haihuwa ba.

In sayo ta ka yi, ko tana kiwo a sake tare da wasu dawaki da jakuna, sai likita ya duba ko tana da ciki kafin a yi mata komai. Akwai magunguna da allurai da ke zubar da ciki. Sabuwar goɗiya kuma a ware ta mako uku kafin ta haɗu da na gida. Masu jakuna da dawaki a Sakkwato da Jamhuriyar Nijar ba su manta da murar da ta ɓarke a ƙarshen 2018 zuwa 2019 ba, wadda ta kashe jakuna masu yawa, kuma irin wannan ciwo daga kasuwa yake biyo dabba zuwa gida.

3. Duba jikinta da hannu

Nan ne zan daɗe, don nan ne aka fi faɗuwa. Ido na ruɗi, musamman da hunturu in gashi ya yi kauri, ko in tsutsa ta kumbura ciki a ɗauka ƙiba ce. Tsaya a gefenta, ka ɗora tafin hannu a haƙarƙarinta ka shafa daga gaba zuwa baya. Abin da kake nema: ido ba ya ganin haƙarƙari, amma hannu na jin su ba tare da ka danna ba. Sai ka duba gadon baya, ya zama shimfiɗaɗɗe, ƙashin bai tsaya tsiri ba. Ka taɓa gindin wutsiya ka ji ɗan taushi. Likitoci na da ma'auni daga 1 zuwa 9, wanda wani masani Henneke ya fitar a Amurka a 1983, kuma abin da na bayyana shi ne maki 5. Biyar zuwa shida ake so ranar barbara.

Ramammiyar goɗiya takan yi jinkirin neman namiji, in ta nema ba ta cika ɗauka ba, in ta ɗauka cikin kan lalace tun yana ƙarami. Wadda ta yi teɓa har ka danna ba ka ji haƙarƙari ba ita ma ba abin so ba ce, ƙafafunta ke wahala, amma wannan ba ita ce matsalarmu ta yau da kullum ba.

Sai nauyi, don da shi ake auna abinci da magani. In babu sikeli, zagaya tef a ƙirjinta, daidai inda majayi ke zama, ka rubuta da santimita. Auna tsawonta daga gaban kafaɗa zuwa ƙarshen ɗuwawu. Ninka awon ƙirji da kansa, ka ninka da tsawon, ka raba da 11,880. Misali ƙirji 160, tsawo 150, zai ba ka kilo 323.

4. Ciyarwa

Doki na cin kimanin kashi biyu cikin ɗari na nauyinsa a busasshen abinci kowace rana. Goɗiya mai kilo 320 ke nan tana bukatar kilo shida zuwa bakwai, kuma aƙalla biyar daga ciki ciyawa ce da harawa. Hatsi ƙari ne. In ramammiya ce, fara da rabin kilo na dawa ko gero, kana ƙarawa a hankali cikin kwana goma har ya kai kilo ɗaya da rabi ko biyu, a raba shi sau biyu ko uku a yini. Auna mudunka sau ɗaya a sikelin kasuwa ka san abin da yake ɗauka. Ɗaga ta daga maki 4 zuwa 5 na cin wajen wata biyu, babu gajeriyar hanya. Wanda ya ɗura mata hatsi a mako guda don ya cim ma lokaci, ciwon ciki ko ciwon kofato zai saya mata.

Dusa ita kaɗai ba abinci ba ce. Mutane na son ta don araha, amma tana da wani sinadari da in ya yi yawa yake hana jiki amfana da sinadarin gina ƙashi, har ƙashin fuska ya kumbura. Harawar wake da ta gyaɗa su ke gyara wannan, don haka in za ka ba da dusa, harawa ta fi ta yawa. In harawa ta gagara, nemi busasshiyar kyasuwa ko kiri-kiri da aka yanka tun tana kore, ka haɗa da ɗan ƙuli-ƙuli marar yaji, dakakke, cikin tafin hannu ɗaya ko biyu.

Gishiri cokali biyu na cin abinci a rana ya isa. Kanwa kaɗan a ruwa kamar yadda aka saba, ba kullum ba, kuma a ajiye mata farin ruwa daban. Ruwa kuwa kada a yi mata awo, da bazara takan sha lita 40 ko fiye.

Abubuwa uku kada su shiga bakinta. Masara ko harawar da ta yi fumfuna, ko da kaɗan ce, a zubar. Gyauron dawa da sabon tohonta, don suna da guba, kuma kiwo a gonar ɗanyar dawa na iya nakasa ɗan da ke ciki. Sai abincin kaji na buhu, wanda akan sa wa wani maganin da ke kashe doki.

5. Tsutsa da kaska

Ba ta maganin tsutsa mako uku zuwa huɗu kafin barbara. Wanda aka fi samu shi ne mai ɗauke da Ivermectin, na baki, kuma da nauyin da ka auna za a lissafa shi. Ba da ƙasa da ƙima shi ke sa tsutsa ta saba da magani. In akwai asibitin dabbobi kusa, kai kashinta a duba, a san irin tsutsar.

Kaska tana ɓuya a ƙarƙashin wutsiya, cikin kunne, da tsakanin cinyoyi kusa da hantsa. Tana sa wa doki ciwon jini mai kawo zazzaɓi da shawara, wanda ke zubar da ciki. Cire ta da hannu kullum yayin sharce jiki. Ka karanta kwalbar kowane maganin feshi kafin ya taɓa ta: in an rubuta Amitraz, na shanu ne, doki yana tsayar masa da hanji har ya mutu. Wannan magani ya cika kasuwannin dabbobi, kuma mai sayarwa ba lallai ya gaya maka ba. Haka allurar sammore ta shanu, kada a yi wa goɗiya sai da likita.

6. Rigakafi

Duk allurar rigakafi a gama ta wata guda kafin barbara, don ba a son yi mata a watannin farko na ciki. Biyu na fi damuwa da su. Ɗaya ta ciwon sandarewar jiki da ke shiga ta rauni, wanda doki ya fi yawancin dabbobi saurin kamuwa da shi. Ɗaya kuma ta ciwon dawakin Afirka, mai kumbura kai da cika huhu da ruwa, wanda wasu ƙananan ƙwari masu cizo da magariba da asuba ke yaɗawa, galibi da damina. Tambayi likita abin da ake samu a yankinku, kuma ka tabbata an adana allurar cikin sanyi. In ba a samu allurar ba, shigar da goɗiyar barga kafin rana ta faɗi, kada ta fito sai hantsi, a yi hayaƙi, a kwashe kashi, a nisanta turkenta da fadama da inda ruwa ke kwanciya.

7. Haƙori da kofato

In tana tauna abinci yana zubowa dunƙule, ko kana ganin ƙwayar hatsi ɗungurungum a kashinta, turamenta sun yi kaifi, a goge mata. Kofato a yanke duk mako shida zuwa takwas. Za ta ɗauki nauyin ingarma, daga baya ta ɗauki na ciki.

8. Duba gabanta

Ka tsaya ta gefe, jikinka manne da cinyarta, wani na riƙe da kanta, ka ɗaga wutsiya. Bakin gaban ya kamata ya tsaya a miƙe daga sama zuwa ƙasa, leɓɓansa a rufe ruf. In dubura ta lotsa ciki har saman gaban ya kwanta, kashi zai riƙa gangarowa ciki, iska na shiga, kana ma iya jin ƙarar iskar in tana sassarfa. Tsofaffi da ramammu da waɗanda suka yage wurin haihuwa su suka fi yin haka. Irin wannan goɗiya mahaifarta ba ta rabuwa da ƙwayar cuta, za a yi ta kai ta ba ta ɗauka. Wani lokaci ƙara jiki kaɗai ke gyarawa. In bai gyara ba, likita na ɗinke saman wurin, a warware ɗinkin kafin haihuwa.

Duba ƙasan wutsiya da cinyoyi. In gashin ya dunƙule da busasshen ruwa fari ko ruwan ɗorawa, ko akwai wari, kada a kai ta sai an yi magani. Kada kuma a cusa mata komai na gargajiya ko na kemis da sunan wanki. Wadda ta yi ɓari bara, ko ta yi shekara biyu ba ta ɗauka ba, a kai ta inda za a duba mahaifa da na'ura. Asibitocin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello Zariya, da Jami'ar Usmanu Danfodiyo Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri su ne wuraren tambaya.

9. Gano kwanakinta

Goɗiya na zagayowa duk kwana 21 ko 22. A ciki, kwana biyar zuwa bakwai take karɓar namiji, sauran kwanakin harbinsa za ta yi. Ƙwan kuma ba a farkon neman yake sauka ba, sai saura kwana ɗaya ko biyu ta daina. Shi ya sa wanda ya kai ta ranar farko sau ɗaya ya dawo gida yakan yi asara.

Fara gwaji wata guda ko biyu kafin lokacin da ka tsara. Kawo ingarma ya tsaya a bayan katanga mai kaiwa ƙirjinsa, ita tana wancan gefe, kowa da mai riƙonsa. In babu katanga, a jingina katako mai kauri ko a yi shinge mai ƙarfi. Bar shi ya shinshina ta daga wuya zuwa baya. Mai nema za ta tsaya cak, ta buɗe ƙafafun baya, ta ɗaga wutsiya gefe, ta riƙa tsartuwar fitsari kaɗan-kaɗan mai kauri, gabanta na buɗewa yana rufewa. Wadda ba ta nema za ta kwantar da kunnuwa, ta matse wutsiya, ta yi ƙara, ta kai harbi. Ka ba su minti biyar ko fiye, don budurwar goɗiya da mai ɗa a gindi sukan ɓoye alama da farko. Yi haka kana tsallake kwana ɗaya a tsakani, kana rubutawa. In ka kama zagaye ɗaya cikakke, ka san ranar da na gaba zai zo.

In mako shida ya wuce ba alama, koma mataki na 2 da na 3. Akwai allurar da ke jawo nema, amma ta likita ce, tana zubar da ciki in akwai, kuma mace mai juna biyu kada ta taɓa kwalbarta.

10. Ingarman da za a kai ta wurinsa

Je ka gan shi da idonka tun da wuri, ka ga 'ya'yansa in akwai. Kada ya zama ubanta ko ɗan'uwanta. 'Ya'yan marainansa biyu su kasance sun sauko. In akwai kumburi ko gyambo a gabansa, ko ruwa na fita, ko ƙuraje masu ruwa a ƙafa da wuya, ko majina, a fasa, kome kyansa. Akwai wani nau'in sammore da ta hanyar barbara kaɗai yake yaɗuwa tsakanin dawaki. Ku kuma daidaita da mai shi tun farko cewa goɗiyar za ta yi 'yan kwanaki a wurinsu, ko za a dawo da ita fiye da sau ɗaya.

11. Ranar haɗawa

Da sanyin safiya ko bayan la'asar, a fili mai yashi, ba santsi, ba yara. Auna zafin jikinta tukuna, daga 37.5 zuwa 38.5 ne lafiya, in ya haura a ɗaga ranar. Naɗe wutsiya daga gindi zuwa rabi, don gashi na yanka ingarma. Wanke gabanta da ruwan ɗumi zalla daga sama zuwa ƙasa, ka tsane. Kada a sa Dettol ko sabulu mai ƙarfi, ragowarsu na kashe maniyyi. A sake gwada ta a katanga a ranar. In ta ƙi, ba a tilasta ta da dabaibayi, amfaninsa kare ingarma daga harbin bazata ne ga wadda ta riga ta yarda. Masu riƙo biyu su tsaya gefe guda. Da ya sauka a juya kanta zuwa wajensa don bayanta ya kauce, a zagaya da ita a hankali.

Fara a rana ta biyu ko ta uku da nema, a maimaita ana tsallake kwana ɗaya a tsakani har ta ƙi. Maniyyi na rayuwa kamar kwana biyu a cikinta, saboda haka yin kullum gajiyar da ingarma ne kawai.

Mai jego takan nemi namiji kwana bakwai zuwa goma bayan haihuwa. In haihuwar ta zo da sauƙi, mabiyiya ta faɗo cikin awa uku, babu yagewa babu ruwa mai wari, ana iya kai ta. In akwai ko ɗaya daga cikin waɗannan, a bari sai zagaye na gaba, wajen kwana talatin da haihuwa.

12. Bayan barbara

Rubuta ranar ƙarshe. Inda akwai na'urar duba ciki, a duba a kwana 14 zuwa 16, don a lokacin ne likita ke iya gyara tagwaye, waɗanda a doki kusan kullum ɓari suke zama. Inda babu, a mayar da ita katanga daga kwana 18 zuwa 24. In ta ƙi shi duk tsawon kwanakin akwai kyakkyawan zato, sai likita ya tabbatar da hannu bayan kwana 45. A watanni biyun farko kada a canza mata abinci, kada a yi sukuwa da ita, kada a ɗora ta a mota zuwa nesa, kuma duk maganin da za a ba ta a fara gaya wa likita ranar da aka haɗa ta.